Ragowar Miyar Kansila Munzali

Wanda yake cin abinci ya ture kwanonsa gefe kafin in fara, don ba zan tace labarin nan saboda cikin kowa ba. Ni da nake ba da shi, har yau in na zo wani wuri a cikinsa sai yawu ya taru mini a baki.

Sunana Falalu. Mutumin Damagaram ne ni, amma zamana a Bron, nan gefen Lyon ta Faransa, ya fi wanda na yi a gida tsawo. Shadda da atamfa nake sayarwa. In kuma wani namu ya rasu, ni ake bugo wa waya in je in yi masa wanka, don masu wannan aiki ba su da yawa a ƙasar nan. A bakin teburin wankan gawa na san Munzali. Ɗan Maraɗi ne, ya iso da jaka ɗaya da takalmi mai shan ruwa. Ni na koya masa yadda ake juya mamaci a hankali, yadda ake farawa da dama, da yadda mutum yake haɗiye abin da ya gani ya mutu da shi a ciki. Hannunsa yana da kyau a aikin. Idonsa ne matsalar, don ko a maƙabarta muke, motocin masu rakiya yake ƙare wa kallo.

Allah ya buɗa masa daidai gwargwado. Ya shiga sayen kifi daga bakin teku yana rarraba wa shagunan 'yan Afirka na Lyon da Paris. Ya sami takardar zama ɗan ƙasa, ya je Makka, muka koma ce masa Alhaji. Daga baya ya kwashe matarsa, Hajiya Sahadatou, suka koma can kusa da kifin. 'Ya'yansu biyu suka rage a nan wurinmu. Safwan, babban, yana tsohon gidansu na Bron yana neman aiki. Hibatullah kuma tana ɗakin ɗalibai a Villeurbanne tana karatun injiniya, yarinya mai kunya wadda ko a cikin tiram, jirgin ƙasan cikin gari, ta gan ni sai ta taso ta gaishe ni.

Ba zan kama sunan garin da suka koma ba, mutanensa ba su yi mini komai ba. Ƙaramin gari ne, da tashar jiragen kamun kifi, da kasuwa, da masana'antar kifin gwangwani, da wata unguwa mai dogayen benaye inda ma'aikatan masana'antar suke, 'yan Mali da Senegal da Larabawa. Rumfunan kasuwa da ɗakunan sanyi na tashar duk a hannun majalisar gari suke, mataimakin magajin gari guda ɗaya yake raba su. Munzali ya yi shekaru yana bin a ba shi ɗakin sanyi ko da ɗaya, ana ce masa ya dawo baɗi. Abin ya tsaya masa a wuya.

Da zaɓen ƙananan hukumomi ya matso, wani likitan haƙori ya fito neman ture tsohon magajin gari. Yana bukatar ƙuri'un benayen nan, sai ya sa Munzali cikin tawagarsa ta 'yan takarar kansila, ya kuma yi masa alkawari a keɓe: in akwatin unguwar ya ba shi nasara, kasuwa da tasha sun zama na Munzali. Aka yi zagaye na farko, suka zo na biyu, da tazara mai nisa. Mutanen benaye ko leƙo rumfar zaɓe ba su yi ba. Sun ci goronsa, sun yi masa addu'a, sun kwanta abinsu. Sauran mako guda a yi zagaye na biyu, Munzali ya daina barci.

Direban motarsa ta kifi, wani Rachidou, shi ya ce ya san wani mutum a Stains, arewacin Paris. Irin su Rachidou ba su taɓa sanin hanyar masallaci ba, amma ƙofar boka ko ido rufe za su kai ka.

Da rana tsaka suka je. Yara na ƙwallo a gindin benen, mata na dawowa daga cefane. Suka bi wata matakala zuwa ƙarƙashin ƙasa, inda kowane gida yake da ɗan ɗakin ajiyar tarkace. Suka wuce tsofaffin kekuna da katifu masu ruma, har ƙofar ƙarshe, wadda aka shafa wa wani abu baƙi da ya bushe ya tsattsage. Munzali da kansa ya faɗa mini cewa warin ne ya fara tarye shi, kamar na kwatar mahauta ranar da ruwa ya yanke. An lulluɓe bangon da jan ƙyalle. Daga rufin an rataye ƙahoni da busassun kawunan kifi da wasu ƙulle-ƙulle masu gashi. A tsakiya akwai bahon roba irin na wankan jarirai, cike da baƙin ruwa mai yauƙi, ruwan yana motsi alhali babu mai taɓa shi. A kusurwa wata tsohuwar firiza ce, wayarta a yashe a ƙasa ba a jona ta da wuta ba, amma tana gurnani. A kanta bokan yake zaune, Ɗan Juma, wani ƙanƙanen mutum cikin rigar sanyi ta masu sharar titi, faratansa zaƙo-zaƙo, rawaya.

Bai amsa sallama ba, bai kuma ce su zauna ba. Ya kori Rachidou waje da haɓa.

"Kujera kake so, ko dukiya?"

"Kujerar ita ce dukiyar," in ji Munzali.

"An ce mani ka iya wanka."

Munzali ya yi kamar bai gane ba. Ɗan Juma ya tsoma ɗan yatsa cikin bahon, ya lasa, sannan ya yi masa bayani dalla-dalla. Ya nemo mamaci namiji wanda ba shi da kowa a ƙasar nan. Ya wanke shi shi kaɗai. Ya tare ruwan farko, wanda ke sauka lokacin da aka matsa cikin mamaci, kuma kada ya yi masa wankan ƙarshe mai kafur, ya naɗe shi hakanan. Ruwan a zuba a tukunyar miya, a ciyar da unguwa ranar jajiberin zaɓe. Duk bakin da ya lasa, hannunsa ba zai iya ɗaukar takardar kowa ba sai tasu.

Munzali ya ce zuciyarsa ta tashi. Na yarda ta tashi, amma ba ta fitar da shi daga ɗakin ba. Tambayar da ya yi ita ce ko ba za a iya yi da ruwan ƙarshe ba, tunda shi ya fi tsabta.

"Kasuwar kihi ka zo? Ba a ragi a nan."

"To mi zan biya?"

"Ni ba ni amsar komi. Mai ruwan shi ke amsa. Abin da ya rage cikin tukunya rabonshi ne. Kahin a buɗe akwati ran lahadi, a juye shi cikin teku, har ƙanzo."

"In wani ya ci ragowar fa?"

"Tambaya ta kawo ka, ko kujera?"

Bokan ya tambaye shi ko matarsa ce za ta yi girkin, kuma 'yar ina ce. Ya ce ita ce, 'yar Maraɗi ce. Ɗan Juma ya yi murmushi, karo na farko, ya ce ya tashi ya tafi, aiki ya yi. La'anannen ya san abin da yake yi. Ya san matanmu, ya san babu wadda za ta iya kallon miyar nama ta juye ta a ruwa da hannunta. Farashin yana cikin sharaɗin tun farko, Munzali ne kwaɗayi ya rufe wa ido.

Kwana biyu bayan haka wani dattijo ya rasu a gidan kwanan ma'aikata a wajen Paris, Malam Hassoumi, mutumin Tahoua. Ya ƙarar da ƙarfinsa yana sharar tashoshin jirgin ƙasa, ba mata, ba ɗa a nan. Ƙungiyarmu ta jana'iza ta yi cigiyar mai wanka. Munzali, wanda rabonsa da taɓa gawa tun kafin ya zama Alhaji, ya ce shi zai yi don neman lada. Mutane har suna yaba masa. Ya aiki abokin wankan sayen kafur, ya kulle ƙofa, ya tara jarka a bakin magudanar teburin ƙarfen, ya ɗora hannun da na koya wa tausayi a kan cikin bawan Allahn nan ya matsa. Kafin wancan ya dawo ya riga ya naɗe shi a likkafani, ya ce ai ya sami kafur a aljihunsa. Ya bi sahu aka yi salla, yana gaba-gaba, jarkar tana bayan motarsa.

Ranar asabar ta jajiberi doka ta hana yaƙin neman zaɓe, don haka ya ce sadakar mahaifiyarsa zai yi. Ya kama babban ɗakin taro na unguwar, ya yanka raguna. Hajiya Sahadatou da ƙawayenta suka ɗora wata ƙatuwar tukunya tun asuba. Da miyar ta fara tafasa ya shigo da jarkar. Ta tambaye shi ko mene ne, ruwan ya yi duhu haka. Ya ce rubutu ne, wani babban malami ya aiko masa daga gida, ayoyin nasara da buɗi ne aka wanke. Ta yi bisimilla, ta karɓa da hannu biyu, ta juye da kanta.

Ni ma an gayyace ni in yi addu'a. Na hau jirgi tun daga Lyon na je. Na ɗaga hannu na roƙa wa mahaifiyarsa rahama, aka shafa, aka zubo shinkafa da miya. Na ci. Na ce a ƙaro mini. Har na kira Hajiya na ce mata hannunta bai tsufa ba. Unguwar gaba ɗaya ta ci, tsofaffi da masu ciki da yaran da ba su kai zaɓe ba. Munzali yana zagayawa cikin babbar riga yana cewa a ci a ƙoshi, shi azumin nafila yake.

Ran lahadi mutanen benaye suka fito kamar an kora su da bulala. Tsofaffin da ko sallar idi sai an ɗauko su, suka sauko da sanduna suka bi layi, ba mai hira, ba mai dariya. Munzali yana ta jigila da motoci, kansa ya ɗau zafi. Sai da la'asar ya tuna da tukunya. Tashar jiragen ba ta fi tafiyar ƙafa ba daga inda yake, amma ya kasa barin bakin akwati. Ya buga wa matarsa waya ya ce abin da ya rage ta kai teku ta zubar, duka, yanzu. Ta ce don me. Ya ce ta yi abin da aka ce, ya kashe.

Ku tsaya a inda ta tsaya. Ga miya wajen kwata na tukunya, nama zuƙu-zuƙu. Ga kuma abin da aka ce mata sunan Allah ne a ciki. Ita da aka tarbiyyantar a kan cewa ko ƙwayar tuwo ta faɗi sai a ɗauke, yaya za ta watsa rubutu inda ake wanke ƙazantar jirage? Ta ce a ranta Alhaji ruɗewar zaɓe ce ke damunsa. Ta ɗauko robobin askirim da take tarawa, irin waɗanda babu gidan ɗan Afirka a Faransa da ba su, ta cika su, ta jera a can ƙasan firiza. Ko cokali ɗaya ba ta ƙara ci ba. Ta ce albarkar ta yara ce. Da ya tambaye ta daga baya ko ta zubar, ta ce an gama da shi.

Bayan magariba aka karanta sakamako a zauren majalisar gari. Cikin gari da bakin teku tsohon magajin gari ne a gaba, har magoya bayansa sun fara buɗe kwalabe. Akwatin benaye aka kawo a ƙarshe. Masu ƙirga suka riƙa buɗe ambulan suna kiran suna ɗaya, suna ɗaya, har wata tsohuwar Baturiya ta cire tabarau ta goge. Likitan haƙori ya haye da ɗan rinjaye. Aka sake ƙirgawa, ba a sami maguɗi ba, don ba irin wanda suka sani ba ne. Jaridar yankin ta buga hoton Munzali da ɗamarar tuta a kafaɗa, ta ce unguwar talakawa ta farka. Mu ma a Lyon muka yi ta tura wa juna hoton muna alfahari. Kunya ce ke kama ni in na tuna.

Dukiya ta zo kamar an ɓalle famfo. Ɗakunan sanyi suka koma hannun kamfanin da Rachidou ke riƙe da shi da suna. Masu jiragen da a da ba sa amsa gaisuwarsa suka koma cire masa hula. Manyan kantuna suka riƙa neman kifinsa, motocinsa suka cika hanyar Paris. Kafin zafi ya shigo ya sayi gida a kan tudu mai kallon teku, ya sa gilashi tun daga ƙasa har sama. In ya bugo mini waya, gaisuwar da muka saba ja sai ya datse ta, ya ce yana da taro.

Da jarrabawar Hibatullah ta matso, uwar ta cika jakar sanyi ta hau jirgi zuwa Lyon. Ta ajiye wa yarinyar rabonta, ta kai wa Safwan nasa a Bron, don shi ma an kira shi ganawar neman aiki. Ta ce su ci da bisimilla, miyar da ta ba ubansu nasara ce.

Hibatullah ta ci nata a ranar. Washegari ta bugo wa uwarta ta ce, "Mama, j'ai froid, sanyi nike ji har cikin ƙashi." Ana tsakiyar zafi ne, mutane na kwana da taga buɗe. Ƙawayenta suka ce katifarta kullum a jiƙe take sharkaf, kuma ba zufa ba ce, don ruwan sanyi ƙarara ne, yana wari. Aka kai ta asibiti. Likitoci suka auna abin da za su auna, suka ce ba su ga komai ba sai jiki da ke hucewa kamar an sauke shi daga wuta. Ba ta zauna jarrabawar ba, kafin ranar ta rasu. Matata Zaituna tana cikin masu yi mata wanka, ta dawo gida ta kasa cin abinci. Ta ce sun zuba kafur har ya ƙare, warin bai motsa ba.

Munzali ya yi kuka a maƙabarta, na gaske. Amma da aka zauna zaman makoki ya ji matarsa tana gaya wa mata cewa ko miyar rubutun yarinyar ba ta gama morewa ba, na ga fuskarsa ta zama toka. Ya sha jinin jikinsa. Duk da haka bai buɗe baki ya ce a ina sauran take ba, don tambayar za ta jawo wata tambayar, ga mutane, ga 'yan majalisa da suka zo ta'aziyya. Ya zaɓi rufin asirinsa. Ya sulale ya tafi Stains, ya tarar da ɗakin wayam, ba ƙyalle ba baho, sai firizar a buɗe da ruwa kwance a ƙasanta. Kafin ya dawo Lyon, Safwan, wanda ya kwana biyu bai sa komai a cikinsa ba saboda baƙin ciki, ya ɗumama roba ɗaya ya ci.

Shi ba sanyi ya kama shi ba. Da hantsi uwarsa ta shiga kicin ta same shi kwance a kan teburin cin abinci, miƙe samɓal, hannuwa a gefe, ido a rufe. Ta taɓa shi, sai ya yi magana da muryar tsoho, da Hausar Tahoua, shi da aka haifa a Lyon wanda ko gaisuwa sai ya cakuɗa da Faransanci.

"Ba a ida mani wanka ba. Ku kira Munzali shi ida mani."

Aka kira ni, na zo na yi karatu har muryata ta dushe. In an sauke shi sai ya koma ya hau. Ya daina sanin uwarsa. In ubansa ya shigo sai ya buɗe ido ya bi shi da kallo, yana tambayarsa ina ya kai ruwansa. Munzali ya riƙa cewa aljanu ne, a ƙara hayaƙi. Wata safiya aka bar ƙofa a buɗe, yaron ya fita ba takalmi, ya bi hanyar tiram har kogi. Masu gudun motsa jiki suka ce sun gan shi ya shiga ruwan a natse kamar mai shiga banɗaki. Ni na wanke shi. Yaron da na yi wa huɗuba a kunne.

Bayan mun dawo daga binne shi, da azahar, mutane suka watse, muka rage mu uku a falon gidan Bron. Hajiya Sahadatou ba ta yi kuka ba ranar. Ta zauna a ƙasa ta dubi mijinta.

"Alhaji, wane ruwa ne yaron nan ke tambaya?"

Ya ce ciwo ne ke sa shi sambatu.

"Gaban Malam Falalu nike tambayarka. Mi na zuba cikin tukunyar nan da hannuna?"

Ya yi ta kame-kame, ta ƙi ɗauke ido. Daga ƙarshe ya faɗa, tun daga Stains har jarka. Abin da ya fi ba ni ƙyama, yana gamawa ya ce ai da ta zubar kamar yadda ya umarce ta da duk haka ba ta faru ba. Ban ji amsar da ta ba shi ba, don ni lokacin na tuna da ƙarin da na ce a yi mini. Na fita da gudu, na durƙusa a matakala na amayar da abin da ke cikina har da wanda babu. Na wuce gida. Da na san abin da zai biyo baya da na daure na zauna.

Sauran Munzali ne ya faɗa mini da bakinsa. Ya ce ta tashi ta shiga kicin, ya ji tana buɗe firiza. Roba ɗaya ta rage cikin rabon Safwan. Ta ɗumama ta, ta dafa shinkafa, ta shimfiɗa ledar cin abinci, ta kawo ruwan wanke hannu kamar yadda ta saba yi masa tun suna amarya da ango. Ta ajiye kwanon a gabansa ta buɗe.

"Bisimilla, Alhaji. Kai kaɗai ne ba ka ɗanɗana ba."

Ya ce ya dubi miyar, maiƙo na yawo a kanta. Ya ce mata ta yi haƙuri, ta tuna Allah, gobe yana da zaman majalisa. Ta jira shi. Da ta ga ba zai miƙa hannu ba, sai ta jawo kwanon gabanta, ta ce to ita za ta bi 'ya'yanta. Ta ci a hankali, loma bayan loma, tana kallonsa, har ta suɗe kwanon. Na tambaye shi me ya hana shi riƙe mata hannu. Ya ce tsoro ya ji kada miyar ta taɓa shi.

Ba ta mutu ba, ko wannan sauƙin ba ta samu ba. Tana wani asibitin masu taɓin hankali a nan yankin Lyon. Zaituna na zuwa duba ta. Ba ta gane kowa, ba ta faɗa da kowa. In an gama cin abinci sai ta bi tebura tana tattara abin da marasa lafiya suka rage, tana ƙullewa a bakin zaninta, ta ce na yara ne, suna nan tafe.

Shi kuwa, kifinsa ya fara ruɓewa cikin ɗakunan sanyi alhali injuna na aiki. Duk motar da ta tashi lafiya sai ta isa Paris tana ɗigar baƙin ruwa. Masu duba tsabta suka rufe ɗakunan, kantuna suka janye, Rachidou ya tsere da abin da ya saura, banki ya karɓe gidan gilashi. Magajin gari ya ƙwace masa kasuwa da tasha. Labarin tukunya ya fita, ban kuwa ɓoye ba da aka tambaye ni. Matan benaye suka yi kwanaki suna wanke bakin 'ya'yansu da gishiri, kuma in ya wuce sai su tofar da yawu. Kujerar kansila ce kawai ba a iya ƙwacewa ba, don doka ta ce zaɓaɓɓe ne sai wa'adinsa ya cika. Yana nan yana zuwa zama, ya rame kamar sanda, cikin kwat da ta yi masa yawa. An ce shi kaɗai yake zama a ƙarshen teburi, na kusa da shi sun ja kujerunsu baya, kuma ko ana sanyi sai an buɗe taga.

Na ba da labarin nan ne saboda na ga wasu samarinmu sun fara sa kwat suna zancen zaɓe mai zuwa, kuma na san ƙarƙashin benayen Paris ba a rasa wani Ɗan Juma. Ku nemi kujera in kuna so, hakkinku ne, ku bi gida-gida ku roƙi mutane, in sun ƙi ku ku koma sana'arku. Amma wanda ya sauka matakalar nan ya sani ba shi zai biya ba. Boka ba ya son tsohon kwaɗayayye mai tauri, abin da ka fi so a gidanka yake nema, kuma da hannun wadda ta yarda da kai zai ɗauka. Munzali yana da 'ya'ya biyu da mace ta gari ranar da ya ga abin da Allah ya ba shi bai ishe shi ba. Makon jiya ya bugo mini, yana tambaya ko in ya mutu zan wanke shi. Na ce masa wajibi ne a kan Musulmi, wani zai yi.